Kurege da Kunnen Farin Bijimi

To, ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen zomo.

Ta zo mu ji ta, Inna.

Wannan ba ta garinmu ba ce, daga ƙasar Hindu ta taso. Kada wani ya tsare ni da tambayar ko gaskiya ce. Yadda mutanen can suke ba 'ya'yansu, haka ni ma zan ba ku.

Sun ce a kan wani dutse akwai abin bautarsu da suke kira Mai Shuɗin Wuya. Wai wata guba ce ta taso za ta cinye duniya, shi kuwa ya kwashe ta ya kurɓe. Sai ta tsaya masa a maƙogwaro, wuyan ya rine kamar an tsoma shi a marina. Daga nan ya zauna ya rufe ido, ba ya jin kiran kowa sai na farin bijiminsa da ke kwance a bakin ƙofa. Bijimin nan ya yi alkawarin ba zai motsa ba, ba zai kau da ido daga ubangidansa ba.

Mai buƙata sai ya zo ya raɗa ta a kunnen bijimin na dama, ya sa tafin hannu ya toshe na hagu. In bai toshe ba, maganar ta zurare ta ɗaya kunnen. Wadda ta zauna a ciki, ita bijimin ke kai wa ubangidansa.

To, akwai wani kurege, sarkin son jin ƙwaƙwaf, ya fi ka ma, Ɗanladi. Ya haƙa raminsa daidai ƙarƙashin kunnen hagun nan. Duk wanda ya yi sakaci yatsunsa suka buɗe, kurege ya tsinci abin da ya zubo. Ya san wadda ke neman miji, ya san wanda ya yanka akuyar maƙwabcinsa ya ce kura ce. Ba ya kai wa kowa fa, shi dai ya ji.

Rannan da rana tsaka sai ga wata maginiyar tukwane, sunanta Malati, ta hawo dutsen rungume da 'yarta Nila. Kwana bakwai zazzaɓi na cin yarinyar, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Mutane sun gudu sun bar su don tsoron cutar. Hannuwan Malati biyu duk suna ƙarƙashin 'yar, kuma ta ƙi ajiye ta, don zuciyarta na gaya mata in ta sa ta a ƙasa, ƙasa za ta riƙe ta. Sai ta sunkuya ta raɗa roƙonta. Maganar ta shiga ta dama, ta fito ta hagu, ta faɗo wa kurege: a bar mata 'yarta.

Da ta tafi, kurege ya tambayi bijimi ko ya ji. Bijimi ya ce iska kawai ta wuce masa ta ka. Kurege ya ce to shi ya ji, bari ya maimaita masa.

Bijimi ya ce, "Roƙo daga bakin mai shi nake ɗauka. Na aro ba ya hawa."

Kashegari ta dawo, wuyan yarinyar ya langaɓe. Ta raɗa, maganar ta sake zurarewa. Kurege ya fito yana tsalle, yana nuna mata kunnen hagu, yana tsuwa da yarensu. Ina Malati ta san yaren kurege? Ta kore shi da ƙafa, ta sauka tana kuka. Wallahi a nan ni kaina tausayinta nake ji. Ranar kurege ya kasa cin gyaɗarsa.

Rana ta uku ta hawo da ƙyar, numfashin Nila sai an kasa kunne. Ta durƙusa ta ce da ƙarfi, "Sau biyu na roƙa ba a amsa ba. Yau zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko uwar da ta haife ni."

Kai! Kurege ya yi maza ya matso kusa. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa samun irin wannan ba. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe kunne, har yawunsa ya tsinke. Sai ya hango ƙafar yarinyar tana lilo, siririya kamar tsinke. Ya dubi ƙafar, ya dubi kunnen bijimi. Sai ya yi wuf ya haye, ya juya baya, ya cusa jelarsa mai gashi a kunnen hagu ya toshe shi tam. Kansa na waje, ba ya jin komai sai iska.

Malati ta daɗe tana raɗa. Ko kalma ɗaya ba ta zubo ba.

Sai bijimi ya yi wani nishi mai nauyi. Mai Shuɗin Wuya ya buɗe ido, ya dubi uwa da 'ya. Nan take zufa ta karyo wa Nila, ta motsa, ta ce tana jin ƙishirwa. Malati ta rasa inda za ta sa kanta don murna.

Mai Shuɗin Wuya ya miƙo hannu ya shafi bayan kurege da yatsu uku, ya ce ya roƙi abin da yake so. Kun san halin mutumin naku. Ya ce a gaya masa abin da matar nan ta faɗa.

"Ai kai ka toshe shi da jelarka," in ji Mai Shuɗin Wuya. Ya yi murmushi, ya mayar da idonsa ya rufe.

Shi ya sa kuregen ƙasarsu yake da zane uku a baya. Shi ya sa kuma har gobe za ku ga kurege ya miƙe a kan ƙafa biyu, ya kasa kunne, yana jira ko iska za ta kawo masa. Ku kuma ku riƙe wannan: ba kowace magana ce rabon kunnenka ba, wata tsare ta aka ba ka.

Me ta faɗa? Haba Ɗanladi, wanda yake wurin ma bai ji ba, balle ni.

Ƙurunƙus, kan kurege mai zane uku.