Kabarin da Dogo Ya Nuna wa Iya

Jama'ar wannan shafi, ku ɗan dakata da latse-latse, ku karanta wannan har ƙarshe.

Akwai wani mutum da ake kira Dogo, shugaban wata 'yar tawaga da aka ɗora wa aikin nemo kaburburan sojojin da suka mutu a wani tsohon yaƙi, tun zamanin kakanni. Makabartar tana bayan wani tsohon bariki. Ciyawa ta haɗiye ta, gara ta yi gini a kan duwatsun. Aikinsu shi ne su sare dajin, su kankare kowane dutse har suna ya fito, a ɗauki hoto, a rubuta.

Dogo ya iya aiki, amma bakinsa ya fi addarsa kaifi. Abokan aikinsa kan ce ko gaishe ka ya yi, sai ka shafa ka ji ko jini ya fito.

Da labarin aikin ya bazu, sai wata tsohuwa ta fara zuwa tana dogara sanda. Iya kowa yake ce mata. Tana goye aka tafi da mahaifinta yaƙi. Ya dawo da rauni, ya cika a asibitin barikin, aka binne shi ba a nuna wa kowa wurin ba. Mahaifiyarta ta mutu da wannan takaicin.

Kullum da safe sai ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, kun ga sunan babana?"

Dogo ya ce, "Iya, na kwance a nan sun fi ki haƙuri. Ba wanda ya taɓa tambayata komai."

Ta yi murmushi kawai. Washegari ta dawo.

Wata rana zafi ya yi zafi, injin yankan ciyawa ya lalace, ga Iya kuma da tambayarta. Dogo ya ja ta har gaban wani dutse da gansakuka ta rufe, ya nuna da ƙafa.

"Ga shi nan. Babanki ne. Sai ki ƙyale mu mu sha iska."

Mai ɗaukar hoton tawagar ya matso ya ce a hankali, "Yallaɓai, ai ba mu karanta wannan ba tukuna."

"Ita karatu ta iya? Ƙasa dai ƙasa ce. Kama bakinka."

Iya ta saki sandarta, ta durƙusa, ta dafa dutsen da hannu biyu. "Baba," in ji ta, "ni ce. Ni ce wadda ka bari a goye. Ka ga har na tsufa." Ta yi kuka kamar ƙaramar yarinya, sannan ta juyo ta yi ta sa wa Dogo albarka. Shi kuwa ya juya baya yana danne dariya.

Daga ranar ta koma zuwa da tsintsiya. Ta share, ta cire tsakuwa, ta zauna tana ba dutsen labarin aurenta, da 'ya'yan da ta binne, da ciwon gwiwarta.

Da aiki ya iso kan dutsen aka kankare shi, sai sunan wani mutum dabam ya fito. Dogo ya sa aka rubuta, aka aika wa iyalan mai kabarin. Iya kuwa bai ce mata uffan ba.

Ran nan sai ga motoci sun yi layi. Jikokin mamacin ne, tare da manyan da suka ba Dogo aikin. Suka tarar da tsohuwa ta jingina da dutsen kakansu tana gyangyaɗi.

Babban jikan ya daka mata tsawa. "Ke, tashi! Me kike nema a nan?"

"Kabarin babana ne, ɗana. Ga wanda ya nuna min can."

Idanu suka koma kan Dogo. Ya dubi manyansa, ya gyara wuyan riga, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban san ta ba. Taɓin hankali ne da ita. Mun kora mun gaji."

Iya ta dube shi. Mai gadi ya finciko ta. Ƙafarta ta harɗe da gefen dutsen, ta faɗi, ƙugunta ya karye. A kwance aka mayar da ita gida, ba ta kuma sake tashi ba.

Ba a jima ba tawagar ta sare wani lungu kusa da katanga, sai ga sunan mahaifin Iya raɗau a kan dutse, ko kankara bai buƙata ba. Mai hoto ya ruga gidanta da albishir, ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, mutane na karɓar gaisuwa. A nan ya fashe da kuka, ya faɗi duk abin da ya faru. Kafin rana ta faɗi magana ta zaga gari.

Aka sallami Dogo daga aiki. Bai damu sosai ba, ya ce aiki ai ba ya ƙarewa. Amma da ya shiga ɗakin mahaifiyarsa, sai ta ƙi amsa sallamarsa.

"Da gaske ne abin da nake ji?"

"Inna, wasa ne fa ya zo da tsautsayi."

Ta kira ƙannensa, ta ce a gabansa, "Ku zama shaida. Ranar da na mutu, kada wanda ya nuna wa wannan yaron kabarina."

Dogo ya ɗauka fushi ne, zai huce. Ya tafi wani gari neman aiki. Yana can ciwo ya kama mahaifiyar farat ɗaya, kafin ya iso an rufe ta.

Ya kama ƙafar ƙaninsa yana roƙo. Ƙanin ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ba ta janye maganarta ba."

Ya tafi makabartar gari, ya sami mai haƙa kabari, ya durƙusa masa. Dattijon ya girgiza kai. "An riga an gaya min. Amanar mamaci ba ta ciwuwa."

Dogo ya tsaya a tsakiyar fili, sababbin tudun ƙasa hagu da dama, duk iri ɗaya, ba dutse ba suna. Har yau idan ka bi ta wajen za ka gan shi, yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Inna, ke ce?"

Darasi: Kada ka yi wasa da hawayen wanda ya zo gabanka da buƙata don kawai ba shi da ƙarfin ramawa. Abin da yake ƙasa ce kawai a wurinka, a wurin wani uba ne ko uwa. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Ka tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman masu riƙe da aikin jama'a, ko wani zai tausasa harshensa kafin lokaci ya ƙure masa.