Kwamfutar Sabiru

Akwai wani matashi a Agege mai suna Abdulrauf, mai gyaran kwamfuta a kasuwar Ikeja. Gwani ne, kowa ya shaida, amma in ya yanke magana ba ya sauraron kowa.

Yana da ƙani, Sabiru, ɗan shekara goma sha biyar, mai fama da ciwon sikila. Tun yana ƙarami likita ya hana shi guje-guje. In yaran layi sun fita ƙwallo, shi sai dai leƙe ta taga.

A kwamfuta kaɗai yake buga ƙwallo da su. Da yamma sai ya haɗu da abokansa ta intanet, su yi ta fafatawa har kiran magariba. A can babu mai ce masa ya zauna ya huta. Shi ne ma gwaninsu.

Da tsohuwar kwamfutarsa ta lalace, Abdulrauf ya harhaɗa masa wata da hannunsa. Saura a ɗora mata babbar manhajar da za ta tafiyar da ita.

Sabiru ya ce, "Yaya, don Allah ka sa min Windows. Wasanmu a kanta yake tashi."

Abdulrauf ya yi dariya. "Linux zan sa maka. Ba ta da nauyi, kuma da ita za ka koyi aiki na gaske. Ni za ka koya wa kwamfuta?"

"Ba haka ba ne, Yaya. Su Murtala suna jirana ne."

"Su yi ta jira. Ƙanina ba zai ƙare a danne-dannen banza ba."

Ya ɗora abin da yake so. Sabiru ya gwada wasan, ya ƙi tashi. Ya sake gwadawa, shiru.

Mahaifiyarsu ta sa baki. "Abdulrauf, yaron nan fa ba shi da wani wurin zuwa. Ka sa masa abin da ya roƙa."

"Umma, ki bar min wannan. Gata nake masa. In ya iya Linux ɗin, sai in duba."

Sabiru bai sake roƙo ba. In yayansa ya dawo, sai ya tarar da shi gaban kwamfutar yana koyon abin da aka ce ya koya. Abdulrauf ya riƙa faɗa wa abokan aikinsa cewa ya gyara yaron. Bai lura dariya ta ɗauke a ɗakin ba.

Da damina ta kankama, sanyi ya tayar wa Sabiru da ciwon. Aka kwantar da shi a asibiti. Wannan karon bai dawo gida ba.

A zaman makoki, wasu samari suka zo suka durƙusa gaban Abdulrauf. Babbansu, Murtala, ya kasa ɗaga kai.

"Oga, ka yafe mana. Da ya daina shigowa wasa, mun tambaye shi, ya ce shi ne ya gaji da wasan yara. Sai muka yi fushi, muka ce girman kai ya fara. Muka daina kiransa. Ko asibiti ba mu je ba."

Abdulrauf ya ce, "Cewa ya yi shi ne ya gaji?"

"Wallahi haka ya ce."

Abdulrauf ya tashi ya shiga ciki wurin mahaifiyarsu. "Umma, ni na hana shi. Me ya sa bai faɗa musu ba?"

Ta share hawaye da bakin mayafinta. "Na tambaye shi. Cewa ya yi ba ya son a zagi yayansa a layi."

Abdulrauf ya zube a gabanta, ya fashe da kukan da bai yi ba ko a maƙabarta.

Darasi: Sanin abu ba shi ne sanin mutum ba. Kafin ka zaɓa wa ɗanka ko ƙaninka abin da kake ganin ya fi, zauna ka ji me abin yake nufi a wurinsa, domin abin da ka raina wataƙila shi kaɗai ne farin cikinsa. Ku tura wa iyaye da yayye, ko Allah zai sa wani ya saurara tun da sauran lokaci.