Sifirin Dakta

Akwai wani saurayi mai aiki a shagon buga takardu na yayansa, kowa Dakta yake kiransa. Ba digiri ne ya ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, har ya buga a kati mai ƙyalli. Girman kai gare shi kamar zakaran da ya ɗauka don shi gari yake wayewa. Abu ɗaya ya dace da shi a duniya, wato yarinyar da zai aura, mai aiki a ɗakin kati na wani ƙaramin asibiti. Ita ma gani yake alfarma ya yi mata.

Da ya ji labarin wata jami'a da ake karatu ta intanet ba kuɗin makaranta, sai ya yi rajista. Malamanta 'yan sa-kai ne, ba su da yawa, don haka aka kafa doka: duk mako kowane ɗalibi zai duba aikin 'yan ajinsu uku, ba tare da ya ga sunayensu ba, ya ba su maki da gyara. Da haka makarantar take tsaye da ƙafafunta.

Dakta ya taɓe baki. “Yaya, ka ji rainin wayo? Wai ni zan zauna ina gyara shirmen wasu. Dama an ce araha ba ta ado.”

Yayan yana zaro takardar da ta maƙale a inji ya ce, “To naka aikin wa yake duba maka, aljanu? Ka ci daga kwanon mutane, kai kuma ka kife naka.”

Ta bayan kunnensa maganar ta bi. Duk ranar da aka turo masa aiki uku, ko layin farko ba ya karantawa. Sai ya zabga sifiri, ya rubuta maganar da ya saba yaɓa wa masu kawo rubutun hannu shago: “Ko kaza ta yi tono ta fi wannan tsari.” Minti biyu ya gama, ya koma gyaran gashin baki a gilashin kwamfuta. Zauren tattaunawa na aji kuwa, inda sunayen ɗalibai suke, bai taɓa leƙawa ba. A cewarsa, ba ya zama da 'yan koyo.

Wata rana da azahar yarinyar ta shigo shagon. Ta gaida Yaya, sannan ta miƙa wa Dakta wayarta. “Shafi biyu za ka buga mini.”

“Ranki ya daɗe, yau kuma mutanen kati sun soma rubutu?” Ya yi dariya, ya danna.

Takarda ta fito da ɗuminta. A samanta ga tambarin jami'arsa, a ƙasa ga sifiri, ga kazar nan tasa tana tono.

“Wata uku ke nan ina ajinku,” in ji ta. “Lokacin hutun cin abinci nake karatu, a tsakanin kantocin kati. So na yi in na ci jarrabawar farko in nuna maka, don kada ka ji kunyata a gaban abokanka.”

“Ai ban san naki ba ne. Da na sani, da maki ɗari...”

“Wannan ya fi muni, Dakta. Da ka karanta ka ce bai yi ba, wallahi da na gode. Amma ko kallo ba ka yi ba. Wanda ya yi wa baƙo haka don ba a ganinsa, ni me zai yi mini bayan an rufe ƙofa?”

Ta ɗauki wayarta ta fita, ta bar masa takardar. Sai a lokacin ya karanta. Ta yi bayani dalla-dalla kan yadda za a rage layin marasa lafiya a ɗakin kati, aiki mai tsabta wanda ya fi duk abin da ya taɓa rubutawa. A ƙarshe ta gode wa wani mutum da yake jiranta a benci kusa da tagar kati, wai ganinsa da littafi ne ya sa mata sha'awar karatu. Mutumin nan kuwa ba kowa ba ne, shi Daktan ne.

Bayan kwana biyu kawunta ya zo ya ce a bar maganar aure. A makon nan kuma jami'a ta dakatar da shi, saboda ƙorafin ɗalibai ya yi yawa. Ita kuwa wani malami ya sake duba aikinta, ta wuce.

Yaya ya ɗaga katin nan mai ƙyalli ya juya shi. “Dakta, a ƙara bugo wasu, ko waɗannan sun isa?”

Darasin shi ne, karatun da aka ce kyauta ne yana yiwuwa, amma a kafaɗar mutane yake tsaye, kowa da ɗan nauyin da zai ɗauka. Wanda ya karɓa ya ƙi bayarwa, ya raina aikin ɗan'uwansa don ba a ganin fuskarsa, ya sani cewa bayan kowace takarda akwai mutum. Wata rana mutumin nan shi ne wanda ba ka da kamarsa.