Ilu Tela da Wandon Hawan Dabino

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari mai yawan dabino, ana ce masa Ilu Tela. Ba malami ba ne, ba attajiri ba. Keken ɗinkinsa ɗaya, rumfarsa ɗaya a bakin kasuwa. Lokacin wando mai zif bai daɗe da shigowa ƙauyuka ba, kowane saurayi so yake a gan shi da nasa.

Ran nan sai ga Jatau, saurayi mai sana'ar hawan dabino, da yadi mai sheƙi a hammata. Ya ce, "Baba Ilu, wando za ka yi mini na zamani, matsattse, mai zif. Da shi zan riƙa aiki."

Ilu ya murza yadin da yatsu, ya ce, "Ɗana, in na kwalliya ne, ko yau sai in ɗinka maka. Amma na hawa, a'a. Yadin nan santsi gare shi, ba zai kama jikin itace ba. Mai hawa sai da yalwar hantsa, don ya ware ƙafa yadda yake so. A ƙugu kuma mazagi ya fi: ka ƙoshi ka sassauta, ka ji yunwa ka ɗaure. Zif kuwa in an matsa masa fashewa yake. Kawo kaki mai kauri."

Jatau ya fizge yadinsa. "Ka dai ce ba ka iya sa zif ba, tsoho!" Ya bi kasuwa yana yaɗa maganar.

To, ku saurara. Ilu ya iya sa zif, sarai ya iya. Amma samari suka ɗauke ƙafa, keke ya yi ta wuni shiru. Abin ya yi masa ciwo, ɗan Adam ne. Har matarsa Tabawa ta ce, "Malam, da ka ɗinka masa abin da ya ce, ina ruwanka?"

Ya ce, "In ya faɗo, da wane ido zan dubi uwarsa?"

Shi kuwa Jatau ya kai wa wani tela, aka yi masa yadda yake so.

Da dabino ya nuna, Ilu na dawowa daga gona sai ya tarar da mata masu sari sun kewaye wani itace da kwandunansu, Jatau na can sama. Ya ware ƙafa ke nan zai miƙa hannu ya tsinko, sai ji kake ɓarrr! Zif ya fashe, wando ya kece har baya. Ya kai hannu zai kare tsiraicinsa, cinya ta zame, ya sulalo. Allah Ya kiyaye, igiyar hawan da ke ƙugunsa ta tare shi. Ya sauko duk ƙujewa, ya durƙushe, ana ta dariya.

Jama'a, da ku ne fa? Ai da cewa za mu yi, "Ba na faɗa maka ba?" Ilu bai ce ba. Rigarsa ya tuɓe ya lulluɓe shi, ya ce, "Sannu, ɗana. Ba karaya dai ko? Tashi mu je."

Washegari Jatau ya zo da kaki, kai a sunkuye. Ya ce, "Baba, ka yafe mini. Wancan telan ne ya cuce ni."

Ilu ya ce, "Bai cuce ka ba, abin da ka ce shi ya yi maka. Ɗaga hannu in auna ƙugun."

Jatau ya yi shekaru yana hawa da ɗinkin Ilu. Masu kawo ɗinki wasu suka dawo, wasu ba su dawo ba, Ilu dai ya ci gaba da taka kekensa da kwanciyar rai.

'Yan'uwa, darasin a fili yake. Duk wanda ya kawo maka aiki, amana ya kawo. Kai tela, kai magini, ke mai sayar da abinci, faɗi gaskiyar sana'arka ko za a zage ka. In kuma gaskiyar ta fito, kada ka tsaya nuna yatsa, rufa wa ɗan'uwanka asiri. Wanda ya suturta Musulmi, Allah zai suturta shi ranar da kowa ke neman sutura. Allah Ya sa mu dace.