Cigiyar Filibatijibit

Ku natsu, ba na maimaita magana.

Akuyar Tasalla mai daddawa ta ɓace, aka tsince ta aka kai gidan Dagaci Barmo. Shi kuwa ya samu wani tsohon littafin Turanci, ya hana gari sakat. Da ta je karɓa, ya ce, “Sai kin faɗa mini asalin filibatijibit da ma'anarta. In kin kasa, akuya ta zama tawa.”

“Ranka ya daɗe, ina ka samo ta?”

“A littafi. Turawan ma sun daina faɗinta.”

“Ashe ɓacewa ta yi. An yi cigiya?”

“Cigiyar kalma?”

“Dokarka ce. Duk abin da aka tsinta, a yi shela kasuwa uku.”

Haka sankira ya yi Laraba uku, ranar kasuwa, yana yawo, “Wa ya yar da filibatijibit?” Har bakinsa ya kumbura, ba wanda ya zo.

Tasalla ta koma. “Abin da ba a nema ba, na wa ne?”

“Na dagaci.”

“To asalinta gidanka, kai ne ubanta. Ma'ana kuwa, ba a tambayar maƙwabta halin ɗan gida, kai za ka faɗa mana.”

Barmo ya yi ta shafa gemu.

“Akuyata dai tun ranar farko na zo nemanta. A kwance mini ita.”

Aka kwance. Shi aka bar shi da 'yarsa filibatijibit, ba nono ba taki.

Iyakarta ke nan. A tashi a ɗaure awaki.