Kiran da Yake Katsewa

Akwai wata ma'aikaciya a garin Kurigram mai suna Tahmina. Da damina ta yi tsakiya, ƙungiyar da take wa aiki ta ce za ta janye jirgin ruwan asibiti da ke zuwa wani tsibiri a kogi, sai dai in matan can sun nuna suna bukatarsa.

Tahmina ta tura musu saƙon waya cewa su amsa tambayoyi ta intanet, da lambarta a ƙasan saƙon. Ba wadda ta cike.

"Shiru ma amsa ce," in ji Mokbul, shugabanta. "Alhamis zan rufe maganar."

Ta sake turawa. Shiru. Shinkafarta ta riƙa hucewa a gabanta, don ta san jirgin nan kaɗai ne ke kai ungozoma tsibirin.

Ga wayarta kuma ta addabe ta. Baƙuwar lamba za ta kira, ƙara ɗaya, ta katse. Ta ɗauka 'yan iskan samari ne, ta yi ta toshe su.

Ranar Laraba haƙurinta ya ƙare, ta bi wani kiran.

"Kai wane mara aikin yi ne?"

"Oh ni Jobeda! Sai yau, 'yar nan?" Muryar tsohuwa ce. "Mun yi ta amsa miki, kin yi kunnen ƙashi."

"Amsa, Inna? Ba wadda ta buɗe tambayoyin!"

"Da me za mu buɗe? Wayar tawa ko hotonki ba ta gani, sai dai ta haska min hanyar banɗaki. A nan in aka kira aka katse, cewa aka yi ga ni, kira ni. Surukata cikinta ya tsufa, mijin yana birnin Dhaka yana tuƙa keken haya. In jirgin bai zo ba, a kan ruwa za ta haihu?"

Sai a lokacin Tahmina ta gane kurenta. Ta buɗe lambobin da ta toshe, ta riƙa kira ɗaya bayan ɗaya, tana ba da haƙuri, tana karanto tambayoyin, tana cikewa. Wayar Jobeda kaɗai sai da ta zaga gidaje da yawa. Muryar Tahmina ta dushe kafin ta tsaya gaban Mokbul da amsoshin matan.

Jirgin bai daina zuwa ba.

Wata safiya wayarta ta yi ƙara ɗaya ta katse. Ta bi kiran da sauri. Ba wanda ya yi magana, sai kukan jariri.

Darasi: Kafin ka ce mutane sun ƙi amsawa, duba ko ta ƙofarsu ka yi sallama. Tura wa duk wanda ke saurin yanke hukunci a kan shirun wasu.