Farar Rigar Mai Wanke Haƙora

Akwai wata mace a wani gari, aikinta wanke haƙoran mutane a asibitin haƙori. Ita ba likita ba ce. Likita shi ke cire haƙori, ita kuwa takan zaunar da mutum a kujera, ta sunkuya a kansa, ta riƙe wani siririn ƙarfe tana kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora. Wanda ya taɓa ganin bakin tsohon maci goro ya san wannan ba wasa ba ne. Tun safe har la'asar wuyanta a lanƙwashe, yatsunta a damƙe. Da wannan hannun dama take ciyar da tsohuwarta, da shi kuma 'ya'yanta mata biyu suke zuwa makaranta, gama mijinta ya rasu.

Amma fa tana sa farar riga. Saboda rigar nan, duk unguwa Likita ake ce mata, ita kuwa ba ta taɓa cewa a'a ba. Sunan ya yi mata daɗi ƙwarai.

Wata rana wani dattijo, wakilin kamfanin inshora, ya zo asibitin. Ya bayyana wa ma'aikata cewa mutum yakan riƙa ba da wani abu kowane wata, in ciwo ko haɗari ya hana shi aikinsa, sai kamfani ya ɗauki nauyinsa. Ya ce kuma ba a haɗa kowa a rukuni ɗaya. Masu zama a tebur suna rubutu rukuninsu dabam, nasu da sauƙi. Waɗanda aikinsu yake cin jiki su ma nasu dabam, ya fi tsada, domin su ne ciwo ya fi kamawa.

Matar ta ce, “To, Baba, ni ina za ka sa ni?”

Ya ce, “Miƙo hannunki in gani.”

Ta miƙa. Ya dubi yatsun, ya ga inda ƙarfe ya kwanta har fata ta yi tauri. Ya ce, “'Yata, ke tare da teloli da masu kitso kike. Jikinki ne yake biyan wannan aiki.”

Kai! Sai ka ce ya mare ta. Ta ce, “Ni? Da farar rigar tawa za ka jera ni da masu kitso?”

Ya ce, “Riga ba ta ciwo, hannu ne yake yi. Ni hannu nake dubawa.”

Ta fizge hannunta ta bar shi a tsaye.

Ba a daɗe ba, ga wani wakilin daga wani kamfani, mai zaƙin baki, takalmi sai walƙiya. Tun daga ƙofa ya rusuna. “Ranki ya daɗe, Likita!” Shi bai ce ta miƙo komai ba. Ya ce, “Babbar mace irinki ai sai rukunin manya, masu ofis. Ki ce kawai aikinki duba masu aiki ne da rubutu. Ga daraja, ga araha.” Ta san ba haka ba ne. Amma maganar ta shiga kunne kamar zuma, ta ce haka ne, aka rubuta ta a rukunin masu ofis.

Da ta koma gida tana ba da labari, tsohuwarta ta ce, “Anya, 'yar nan? Araha fa ba ta ado.” Ta yi dariya ta ce, “Inna, ku ba ku san harkar zamani ba.”

Shekaru suka wuce. Sai yatsun dama suka fara sagewa, wuyan hannu yana zogi kamar ana tsira mata allura. Ta shafa man zafi, ta ɗaure, ta ja hannun riga ta rufe, ta ci gaba da aiki. Ran nan tana cikin wanke haƙoran wani mutum, ƙarfen ya suɓuce daga yatsunta ya faɗi ƙasa. Ta sunkuya za ta ɗauka, yatsun suka ƙi rufewa. Likitan ƙashi ya duba ya ce jijiyoyin sun lalace, ba za ta ƙara wannan aiki ba.

Ta ce a ranta, ai ba komai, ina da inshora. Ta je kamfanin nan. Mai zaƙin baki ya daɗe da barin wurin, wani ne ya karɓe ta. Ya ce, “Malama, me ya lalata hannun?” Ta ce aiki ne. Ya ce, “Wane aiki? Ke da kika ce mana rubutu kike yi a ofis?” Ya juya hannun ya duba, ga taurin fata, ga kumburi. Alƙalami ba ya yin haka. Hannun da ta ƙi a duba shi ne ya ba da shaida a kanta. Suka ce alkawarinsu da mai ofis suka yi, ita ba su san ta ba.

Ta nemi dattijon nan na farko har ta same shi. Wannan karo ba sai da ya roƙa ba, ita ta miƙa hannun da kanta tana kuka. Dattijo ya girgiza kai, shi ma abin ya taɓa shi. Ya ce, “Wayyo, 'yata. Da kin yarda tun ranar, da yau muna ɗauke da ke. Amma ba a yi wa gida inshora bayan wuta ta kama shi.”

Ta koma gida ta rataye farar rigar a ƙusa. Babbar 'yarta ta bar makaranta. Tsohuwar nan da aka ce ba ta san zamani ba, ita ce take ɗaura mata ɗankwali da safe.

'Yan'uwa da kuka taru a wannan sujada, ma'anar wannan misali ita ce, matar nan ni ce, kai ne, ke ce. Farar riga kuwa ita ce sunan da mutane suke kiranmu da shi: dattijon ikilisiya, shugabar zumuntar mata, mai bi da waƙa, ɗan gidan fasto. Baba Ishaya, na ga kana murmushi, har da kai nake! Dattijon da ya ce a miƙo hannu shi ne maganar Allah, wadda ba ta kallon riga, tana faɗa mana sarai cewa mu raunana ne, masu zunubi, rukuni ɗaya da kowa. Mai zaƙin baki shi ne Shaiɗan, aikinsa ke nan tun fil'azal, ya kira ka da babban suna don ka ɓoye ciwonka. In rana ta ɓaci kuwa ba ka ganinsa. Girman kai rawanin tsiya ne, 'yan'uwa, ranar wanka kuma ba a ɓoyon cibi.

Ku da kuke ci da ƙarfin hannu, ku yi tanadi tun kuna da lafiya, in kuma an tambaye ku aikinku, ku faɗi gaskiya ko da ta fi tsada. Wannan ƙaramin darasin ke nan.

Babban kuwa shi ne ya sa ba na tsoro. Dattijon nan ya so ya taimaka amma bai iya ba, domin kamfani lafiyayyu yake ɗauka. Ubangiji Yesu ba haka yake ba. Wanda ya riga ya karye shi yake nema, kuma shi ya biya kuɗin duka da jininsa. Ban taɓa ganin wanda ya zo masa da gaskiya ya koma hannu wofi ba, ko ɗaya. Abin da ba ya karɓa shi ne ƙarya. Yau ƙofa a buɗe take, ba ka san gobe ba. Ka daina jan hannun riga kana rufe ciwon. Ga shi yana cewa ka miƙo hannunka ya gani. To, miƙa.